WAIWAYE ADON TAFIYA: Tarihin Masu Farautar 'Yan Wasa a Ƙasar Kano

A wannan makon za mu ɗan jingine labarin da muke kawo muku, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ita ce ta samarinmu na karkara da ƙwallon ƙafa, da kuma mutanen nan da ke yawo gari-gari suna cewa sun zo neman masu hazaƙa. Duk wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin Dawakin Tofa da Bichi, ko tsakanin Minjibir da Ɗambatta da Makoɗa, ya san cewa a yau da wuya ka shiga gida ba ka tarar da yaron da ke mafarkin zama Ahmed Musa ba. To amma wa ke ganin yaron nan? Da wane ma'auni ake auna shi? In an ɗauke shi wa ke cin riba, in kuma an yar da shi wa ke kwasar asara? Waɗannan tambayoyi suna da dogon tarihi, kuma shi nake so mu ɗan waiwaya tare da mai karatu.

YADDA AMURKAWA KE YI

Bari mu fara da nesa kafin mu dawo gida. A Amurka akwai wani wasa da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, alhali kuwa da hannu aka fi yin sa. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya, sanye da hular kwano da sulke a kafaɗa. A cikin goma sha ɗayan nan akwai wanda aikinsa shi ne a danƙa masa ƙwallo ya rungume ta a ƙirji ya ruga, 'yan'uwansa suna ture mutane suna buɗa masa hanya, abokan karawa kuma suna neman su kai shi ƙasa. Tazarar da ya ci kafin ya faɗi ita ce ribar ƙungiyarsa.

Babbar gasarsu, wato NFL, tana da kulob 32, kuma tun shekarar 1936 suke da tsarin zaɓen sababbin 'yan wasa sau ɗaya a shekara. A yanzu ana yin zaɓen ne a watan Afrilu, zagaye bakwai, kuma kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa, don kada masu ƙarfi su kwashe na kirki su bar wa raunana ƙaiƙayi. Doka ta ce sai yaro ya shekara uku da gama sakandare kafin a zaɓe shi, saboda haka kusan kowa ta jami'a yake biyowa. Kowane kulob yana da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai bin jami'o'i suna kallon wasa, suna maimaita faifan bidiyo, suna rubuta rahoto. Kafin ranar zaɓe kuma akan tara wajen ɗalibai 300 a birnin Indiyanafolis, inda ake wannan taro tun 1987. A nan za a auna tsawon yaro da nauyinsa da faɗin tafinsa, a sa shi tseren yadi 40, wato mita 36 da 'yan kai, a ba shi ƙarfe mai nauyin kilo 102 a ga sau nawa zai ɗaga, sannan likitoci su bi gwiwoyinsa da kafaɗunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ga shi mai rugawa da ƙwallon nan, gudu kaɗai ba ya sayar da shi. Suna duba ko yana da idon hango kafa kafin ta buɗe, ko bugun farko yana kayar da shi, ko ƙwallo na suɓuce masa, ko ya iya cafewa in an jefo masa. Har ma suna ƙirga yawan lokutan da ya ɗauki ƙwallo a jami'a, domin a wurinsu jikinsa kamar tayar mota ne, gwargwadon yadda aka more ta gwargwadon abin da ya rage mata. Yawancinsu kafin su kai shekara talatin jiki ya gaji, shi ya sa kulob-kulob ke ɗari-ɗarin kashe zaɓen farko a kansu. A 2013 da 2014 ko ɗaya ba a ɗauka ba a zagayen farko.

Akwai 'yan Najeriya biyu da labarinsu ya nuna amfani da kuma iyakar wannan awo. Christian Okoye ɗan Inugu ya tafi Amurka a 1982 a matsayin mai jifan faifai, bai taɓa wannan wasa ba sai yana da shekara 23, amma da aka ga girmansa da gudunsa, kulob ɗin birnin Kansas ya ɗauke shi a zagaye na biyu a 1987. Shekara biyu bayan nan ya fi kowa cin tazara a gasar, yadi 1,480. Shi kuwa Jay Ajayi, wanda aka haifa a Landan, ya yi fice a jami'a, amma likitoci suka yi shakkar gwiwarsa, sai da aka kai zagaye na biyar a 2015 sannan Miyami ta ɗauke shi. A 2016 sau uku yana haura yadi 200 a wasa guda, a farkon 2018 kuma ya ɗauki babban kofinsu da kulob ɗin Filadelfiya. Daga baya ciwon gwiwa ya gajarta masa zamani. Ka ga ke nan mai ido da likita kowa ya faɗi gaskiyarsa.

LANGA, KOKAWA DA DAMBE

Duk wanda ya tashi a ƙauye, da ya ji bayanin wasan nan na Amurkawa zai ce ai wannan langa ce aka sa wa hular kwano. A langa ma kowane ɓangare yana fitar da mutum ɗaya a kira shi ruwa, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, 'yan'uwan ruwa suna kare shi, abokan karawa suna neman su ture shi ya saki ƙafa. In ya kai wurin da aka shata, sai a ce ruwa ya sha. Kuma ba a ba kowa ruwa. Da farin wata in an taru a dandali, babban yaron unguwa zai dubi sahu ya tsallake mai ƙiba, ya tsallake dogon da iska ke kaɗawa, ya nuna wani siriri mai wayo wanda ya iya zille wa mutum a taƙi ɗaya. Wannan shi ne farkon zaɓen 'yan wasa da ni dai na fara gani a rayuwata.

A wajen manya kuwa, gona ce filin gwaji. Ƙasarmu ta arewacin Kano ƙasa ce mai cunkoson jama'a tun kaka da kakanni, gona na jingine da gona, ba a barin saura ta huta, sai dai a yi ta zuba mata taki, har jakuna kan yi jigilar shara daga birni su dawo da ita gonaki. A irin wannan wuri ƙarfin saurayi ba ya ɓuya. Ranar gayya, in an jera kunya-kunya makaɗi na zuga, kowa na ganin wanda ya fara kai gefe da wanda ya tsaya riƙe ƙugu. Da kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, sai a share fili a kafa kokawa, ƙauye ya gayyaci ƙauye. Dattijon da ya taɓa yi a zamaninsa yana zaune a gefe bai ce uffan ba, amma yana lura da yadda yaro ke dasa ƙafa, da yadda yake numfashi bayan an jima ana ja-in-ja, da kuma fuskarsa in an kayar da shi.

Dambe ya fi kokawa tsari a wannan fanni. Asalinsa wasan mahauta ne, su ne ke bin garuruwa bayan girbi da kalangu, ana yanka ana dambe. Ɗan dambe ba ya tsirowa haka kawai. Babba ne zai ga yaro a damben share fage, ya ga ba ya runtse ido in an kawo masa hannu, sai ya jawo shi jiki, ya koya masa naɗin zare da tsayuwa, ya riƙa zaɓar masa abokin karawa daidai ƙarfinsa har ya ƙosa. Shi ya sa har gobe za ka ji ana kiran 'yan dambe da Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Dogon wane. Sunan ubangida na manne da na yaro duk inda ya shiga, ko yana ɓangaren Kudu, ko Arewa, ko Guramaɗa. Makaɗi kuma shi ne jaridar wancan zamani. Waƙar Ɗan Anace ce ta kai sunan Shago garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe a nan shi ne, a wancan tsari mai ɗaukar yaro sananne ne. An san garinsu, an san ubansa, an san rumfarsa a kasuwa. In yaro ya karye a hannunsa, uban yaron ya san ƙofar da zai yi wa sallama.

ZUWAN TAMOLA

Ƙwallon ƙafa ta shigo Kano ne tare da Turawa, ta hanyar barikin soja, da ma'aikatan jirgin ƙasa bayan dogo ya iso a 1911, da kamfanonin ciniki, da kuma makarantun boko irin su Midil ta Kano wadda ta zama Kwalejin Rumfa. A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna a Legas, wadda daga baya aka koma kiranta Kofin Ƙalubale, kuma 'yan Legas suka yi ta cinye abinsu har zuwa 1953, lokacin da zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1. Kano ce ta fara fitar da kofin nan daga Legas.

A wancan lokaci da shekarun da suka biyo baya, malamin wasanni na makaranta shi ne babban mai ido. Kowace makarantar kwana tana da gidaje, kowace shekara ana gasar gidaje, daga nan a fitar da 'yan wasan makaranta, daga makarantu a fitar da na lardi ko na jiha. A shekarun 1960 da 1970 gasar zaɓaɓɓun ɗaliban sakandare ita ce rijiyar da manyan kulob ke ɗiba. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sannan aka kawo shirin ba da ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suka bazu cikin karkara, kuma kusan kowace firamare aka yanka mata fili. A ɓangarenmu ga Kwalejin Horon Malamai ta Bichi, ga sakandaren Ɗambatta, ga Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977. Ɗan manomi da bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba sai ga shi an ba shi riga mai lamba.

Kulob-kulob na lokacin yawanci na ma'aikatu ne da kamfanoni da attajirai. In an ɗauki yaro, sau da yawa har da aiki ake ba shi, ya zama akawu ko ɗan aike da safe, da yamma ya fita atisaye. Ko ƙafa ta ƙare, albashi bai ƙare ba. A cikin wannan yanayi ne Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar lig ta ƙasa a 1978, a shekarar ce ma ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele da kansa ya sa rigar baƙin ya buga.

Sai kuma gasar Kofin Ramat, wadda ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ke shiryawa a Kano tun shekarun 1980 don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 ke zuwa daga jihohi, masu horarwa su zauna a gefen fili da takarda da biro. Irin waɗannan gasanni na matasa ne suka ciyar da tawagar da ta je ƙasar Sin a 1985 ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema, ta ɗauko kofin duniya na yara na farko da aka taɓa bugawa. Daga ranar nan idon Turai ya juyo kan yaran Najeriya.

SAI MASU GIDA

A 1990 aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, a shekarar ce kuma aka haɗe kulob uku, WRECA ta hukumar ruwa, da Golden Stars, da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars, bisa jagorancin Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallo ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006. Pillars ta ci lig a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta ci kofin ƙalubale a 2019, a 2009 kuma ta fitar da Al-Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023. Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990, burin kowane mai taka leda a ajinmu bai wuce a ce wata rana an kira sunansa a lasifikar filin wasa na Sabon Gari ko na Ƙofar Mata ba.

To amma daidai lokacin da Pillars ke tasowa, ita kuma rijiyar makarantu tana ƙafewa. Bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo shirin SAP na 1986, kuɗin wasanni na cikin abin da aka fara yankewa. Makarantun kwana da yawa suka koma jeka-ka-dawo, gasar gidaje ta zama bikin rana ɗaya na maci da rabon kofin roba. A makarantarmu ƙwallo ɗaya ce tak, tana kulle a ofishin malamin wasanni, in ta fashe sai mu yi karo-karo a kai wa mai faci. Darajar naira na faɗuwa, 'yan wasa suka fara tururuwa waje, musamman bayan Stephen Keshi ya tafi Beljiyam a 1986 ya buɗe wa na baya ƙofa.

Daga nan ma'aunin ya canza. A da ana neman yaron da zai ci wa gari kofi, yanzu ana neman wanda za a iya sayarwa. Dubi hanyar da fitattunmu suka bi. Sani Kaita daga Pillars aka kira shi tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta kai wasan ƙarshe a Holan a 2005, inda Messi ya ci mu da fenariti biyu, daga nan Sparta Rotterdam ta riƙe shi. Rabi'u Ibrahim ya haska a kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 da aka ci a Koriya ta Kudu a 2007, sai Sporting ta Fotugal ta ɗauke shi. Musa Muhammed ɗan Kano shi ne kyaftin ɗin yaran da suka ci kofin a 2013 a ƙarƙashin Manu Garba. Ahmed Musa kuwa daga wata makarantar koyon ƙwallo a Jos ya fito, ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, abin da ba a taɓa yi ba a gasar kafin lokacin. VVV-Venlo ta Holan ta saye shi, amma sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010, domin tun 2001 dokar FIFA ta hana tsallaka da yaro ƙasa da wannan shekaru sai da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Daga can ya wuce CSKA Mosko a 2012, sannan Leicester ta Ingila a 2016 a kan fam miliyan 16 da ɗoriya. A 2025 aka naɗa shi babban manajan Pillars ɗin da ta fito da shi.

In ka lura, duk waɗannan an gan su ne a wurin da ake rubuta suna da sakamako: gasar ƙasa, ko lig, ko makarantar ƙwallo mai rajista. In kuma ka bi sunayen 'yan Kanon da suka yi tashe, za ka tarar yawanci 'yan birni ne da kewayensa, masu iya zuwa filin atisaye da ƙafa ko da kuɗin mota kaɗan.

INA ƊAN ƘAUYE?

Shi ɗan ƙauyenmu matsalarsa ta farko fili ce. Inda kowace taƙi ta ƙasa ke da mai ita, gado kuma na ƙara tsaga gonaki kowace shekara, ba mai bar maka eka biyu don ka yi guje-guje. Filinmu gonar wani ce, daga an kwashe kara zuwa saukar ruwan fari. Mu tumɓuke tushiya da hannu, mu share ƙaya, mu kafa reshen darbejiya a matsayin raga. Da an yi ruwan shuka kakar wasa ta ƙare, ko da kuwa an kai wasan ƙarshe. Filin firamare da ya rage, wani wurin an gina azuzuwa a kai, wani wurin an yanka shaguna, wani wurin maƙwabta sun ɗan ci gefe da gefe har ya koma kamar tabarma.

Matsala ta biyu ita ce shekaru. Yawancinmu a ɗaki aka haife mu, ba takarda, sai dai a ce shekarar fari ko shekarar da aka yi zaɓe. A da wannan ya yi wa wasu rana, domin gardi mai gemu kan aske ya koma ɗan sha shida. Amma tun gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Kano na cikin garuruwan da suka karɓi baƙuncinta, FIFA ta fara amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane wanda ya wuce. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji gab da wasa da Nijar, kuma Nijar ɗin ta fitar da mu. Abin takaici, ɗan ƙauye ba ya samun mai ganinsa sai ya zo birni ci-rani yana da shekara ashirin, lokacin da kasuwa ta riga ta ce ya tsufa.

Matsala ta uku ita ce ta fi ciwo, kuma ta shigo har gidanmu. Ɗan yayata yaro ne mai gudun tsiya, in ya ja ƙwallo ta gefen dama sai dai ka ga ƙura. Wata shekara da rani wani mutum ya zo garinmu da mota mai baƙin gilashi da na'urar ɗaukar hoto, ya ce tantancewa zai yi, kowa ya sayi fom. Bayan kwana biyu ya ware yara uku, har da namu, ya ce akwai kulob a Turai da ke jiransu, sai dai a kawo kuɗin fasfo da biza da jirgi. Yaron ya same ni da dare jikinsa na rawa, ya ce, "Kawu, don Allah ka sa baki Baba ya yarda, wannan ita ce damata." Na ce masa, "Ɗana, kulob ɗin da ke son ka shi ke biyan kuɗin jirgi. Mu ga takardar gayyata tukuna." Mutumin ya nuna takarda mai tambari a wayarsa, ya ce in ba a biya cikin mako ba zai ba wani gurbin. Yayata ta yi kuka ta ce, "Kai dai ba ka son ci gaban yaron nan." Mijinta, dattijo mai haƙuri, ya sayar da bijimin huɗarsa guda, ya jinginar da gonar da ke bakin rafi.

An kai su Legas, daga nan aka tsallaka da su Kwatano, aka zuba su ɗaki ɗaya da wasu yara daga jihohi daban-daban. Bayan mako uku mutumin ya ce zai je karɓo biza, ya tafi da fasfo ɗinsu gaba ɗaya. Wata huɗu yaron ya yi yana dako a kasuwa kafin wani direban babbar mota Bakano ya ji Hausarsa ya ɗauko shi kyauta. Yanzu yana tuƙa Adaidaita Sahu a birni, yana tara kuɗin fansar gonar ubansa. Ranar da ya dawo, ba wanda ya san ƙofar da za a yi wa sallama, domin ko sunan da mutumin ya bayar ba nasa ba ne.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙananan 'yan damfara ne kaɗai ke wannan harka. A 2021 FIFA ta hukunta kulob ɗin Spezia na Italiya saboda shigo da yara 'yan Najeriya da ba su kai shekaru ba. In mai lasisi ya yi haka, ina ga mai baƙin gilashi?

ABIN DA YA RAGE MANA

Ban kawo labarin Amurka don in ce tsarinsu tsarkakakke ne ba. Su ma yara da yawa kan fito da gurguwar gwiwa da ciwon kai, kuma cikin dubban da ke wasa a jami'o'i 'yan ɗari biyu da hamsin da wani abu ake zaɓa a shekara. Amma akwai abu biyu da suka riƙe waɗanda kakanninmu ma sun riƙe a dambe: an san wanda ya ɗauki yaro, kuma an san abin da yaron ya yi kafin a ɗauke shi. Mu mun saki na gargajiya, ba mu kama na zamani ba.

Gyaran kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, a yi wa kowane jariri takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ko ba don ƙwallo ba. Na biyu, kulob ɗin ƙauye ya daure ya yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, ya rubuta sunayen yaransa. Mutane da yawa ba su san cewa a dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23 ba. A cinikin fam miliyan 16, wannan kaso fam 800,000 ne. Tun 2022 ma FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin sawun kuɗin. Amma kulob ɗin da ba ya cikin rajista ko sisi ba zai gani ba, ko da shi ya saya wa yaron takalminsa na farko.

Na uku, tun 2023 FIFA ta dawo da jarrabawa da lasisi ga wakilan 'yan wasa. Duk wanda ya zo gari da sunan tantancewa, a kai shi gaban dagaci ko mai unguwa, ya nuna lasisinsa, ya faɗi ofishinsa, a kuma tura wani ya gano. Wanda ya nemi kuɗin jirgi daga hannun manomi, a ba shi ruwa ya sha ya kama hanya. Na huɗu, shugabannin ƙananan hukumominmu su dawo da gasar makarantu ta gaskiya, firamare da sakandare, Bichi ta kara da Tsanyawa, Ɗambatta ta kara da Makoɗa, Bagwai ta kara da Dawakin Tofa, a rubuta wanda ya ci da wanda ya buga, a gayyaci masu horar da ƙananan Pillars su zo su zauna a gefe. A kuma kafa wa filayen makarantu iyaka kafin a wayi gari babu su.

Ku kuma samari, ku riƙe biro da fartanya tare da tamola. Ko a cikin waɗanda suka kai Turai, ƙafa ba ta wuce shekara goma sha tana ciyar da mai ita, gona kuwa ta ciyar da kakanka, tana kuma jiran jikanka in ba a jinginar da ita ba.

A nan zan dasa aya. Wanda ya san tarihin wata tsohuwar ƙungiya ta garinsu, ko wani gwanin da aka yi a ƙauye ba a taɓa jin sunansa a rediyo ba, ina maraba da shi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu, in Allah Ya kai mu.